Jirgina yana in'ina a Train Simulator: me zan rage, me zan bari?

Tambayar ta zo ne daga wani ƙanenmu da ke zaune a Makka, wajen Shari'a Mansur. Ya ce tun ranar da ya hau jirgin Haramain zuwa Madina sha'awar tuƙin jirgin ƙasa ta shige shi, sai ya sayi wasan Train Simulator Classic a Steam, manhajar da ake sayen wasannin kwamfuta, daga baya ya ƙara da Train Sim World. Laftof ɗinsa ta hannu ce: furosesa i5-10300H, katin hoto GTX 1650 mai giga 4, ram giga 8, da ma'ajiya biyu, ƙaramin SSD da babban hardis, kuma wasannin duk a hardis suke. Kukansa uku ne. In ya shiga babbar tasha kamar Victoria ta Landan hoto yakan yi nauyi kamar ana jan sa da igiya. In jirgi ya ɗau gudu, lokaci-lokaci komai yakan tsaya cak na ɗan ƙiftawar ido sannan ya ci gaba. Na uku, minti goma sha biyar na farko lafiya lau, daga nan abin sai ya yi ta lalacewa. Ya mayar da duk saitin hoto ƙasa, bai ga canjin kirki ba. Yana tambaya ko ya sayar da ita ya nemi wata.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Kada ka sayar da ita tukuna. Na daɗe ina gyaran kwamfuta a nan Jidda, wasan nan kuma ina buga shi tun ana kiran sa RailWorks, kuma abin da ka lissafa ciwo uku ne daban-daban da ka haɗa ka ba su magani ɗaya. Da ka mayar da komai ƙasa, katin hoto ka sauƙaƙa wa aiki, wanda 'yan kasuwarmu a nan ke kira kart shasha, alhali a zatona shi ne mafi ƙarancin laifi cikin kayan da ke cikin laftof ɗin. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Kafin ka taɓa komai sai ka samu abin awo, don ido yana ruɗi. A cikin Train Simulator Classic, in ka danna Shift da Z tare, lamba za ta fito a saman allo. Ita ce adadin hotunan da kwamfuta ke zanawa a kowane sakan, abin da ake kira FPS. A Train Sim World maɓallin F3 ne ke fito da ita. Ka kuma sauke MSI Afterburner, kyauta ce, ka sa ta riƙa nuna maka abu huɗu a gefen allo kana cikin wasa: kashi nawa na ƙarfin katin hoto ake amfani da shi, zafin furosesa, saurin da take gudu a kai, da yawan ram da aka cinye. Sannan ka zaɓi wurin gwaji guda ɗaya ka riƙe shi: tafiya ɗaya, jirgi ɗaya, yanayi ɗaya, lokaci ɗaya na yini. Tunda Victoria ce ke ba ka wahala, ka riƙa tashi daga can zuwa Clapham Junction, 'yan mintoci ne kawai. Abu ɗaya za ka canza, ka sake kunna wasan, ka yi tafiyar, ka rubuta lambar a takarda. Na san da gajiya, amma wanda ya canza abu biyar lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ya taimake shi ba.

Gwajin farko shi ne wanda ke raba gardama. Ka mayar da saitinka matsakaici, ka tsaya a Victoria, ka duba lambar a girman allo 1920 sau 1080. Sai ka sauke zuwa 1280 sau 720 ka sake dubawa. Na farko ɗigo 2,073,600 ne katin ke cikewa a kowane hoto, na biyu 921,600, ƙasa da rabi. In katin hoto ne ya gaza, lambar za ta yi tsalle sosai. In kuwa ta tsaya inda take, ko ta ƙaru da biyu ko uku kacal, to katin dama zaman jira yake yi. Za ka ma ga Afterburner na nuna yana aiki da kashi 50 ko 60 cikin ɗari, maimakon 97 ko 99 da yake nunawa in an cika masa kaya. Ina da yaƙinin abin da za ka gani ke nan a Victoria.

Dalilin yana cikin shekarun wasan. RailWorks ya fito a 2009, shi ma ya gaji Rail Simulator na 2007, kuma duk sunayen da kamfanin Dovetail Games na Ingila ya yi ta sauya masa har ya zama Classic a 2022, ginshiƙin injinsa na zamanin DirectX 9 ne, wato tsohuwar fasahar zane ta Windows. A wancan zamani ana rubuta wasa ne ta yadda mafi yawan aikin zai bi layi ɗaya a cikin furosesa. Taka tana da ƙwaya huɗu, layin aiki takwas, amma wasan kusan ɗaya yake ɗora wa babban kaya. Ka tuna gidan tamis bayan sallar Asuba. Ko ma'aikata takwas ne a ciki, mutum ɗaya ne a bakin tanderu yana manna gurasa yana cirewa, yaron da ke miƙa wa mutane kuwa, komai zafin namansa, sai ya jira a ciro. Katin hotonka shi ne yaron nan. Wannan ne ma ya sa Task Manager ke yaudarar mutane: za ka buɗe ka ga furosesa na aiki da kashi 20 ko 25, ka ce ai ba ta gaji ba. Layi ɗaya cikin takwas in ya cika maƙil, kashi 12.5 ne kawai na jimilla. Ka danna dama a kan zanen ka sa ya nuna kowane layi daban, za ka ga inda cunkoson yake.

Me ke cika layin nan? Duk wani abu da ke cikin tasha sai furosesa ta ƙirga shi ta aika wa katin hoto umarnin zana shi: kowane benci, kowace fitila, kowane fasinja, kowane tarago da aka ajiye a gefe. Ga kuma sauran jiragen da wasan ke tuƙawa da kansa, kowanne da lissafin gudunsa da birkinsa, ga sigina da ke duba ko hanya a buɗe take. A Victoria da Clapham Junction duk waɗannan sun taru wuri guda. Saboda haka saitin da zai taimake ka a can shi ne wanda ke rage yawan abubuwa, wanda ke rage kyawunsu kuwa ba zai yi maka komai ba.

Ka shiga sashen saitin hoto, ka bar babban maɓallin nan da ke sauke komai tare, ka buɗe inda aka rubuta Advanced. Ka fara da inuwa, wato Shadow Quality. Inuwa tana da tsada ta fuska biyu, domin kafin a zana ta sai an sake bin abubuwan da ke wurin ta ɓangaren da rana take, furosesa ta yi aiki, katin ma ya yi. Ka sa ta matsakaici, in bai isa ba ka ƙara saukewa, ba za ka yi kewarta ba kana cikin ɗakin matuƙi. Sai View Distance, nisan da ake zana gine-gine da itatuwa. A cikin birni gidaje sun riga sun tare maka gani, ka rage shi mataki ɗaya ko biyu. Ka kashe Procedural Flora, ciyayin da wasan ke shukawa da kansa a gefen dogo, da Dynamic Clouds, da Ambient Occlusion, da Depth of Field. Ruwa ma ka sauke shi, sai in hanyar bakin teku kake bi.

Scenery Density kuwa ka bi shi a hankali. Shi ne ya fi kowanne sauƙaƙa wa furosesa, domin ɗauke abubuwa yake yi gaba ɗaya daga duniyar wasan. Amma masu gina hanyoyi ba duka suka tsara wanne za a fara ɗaukewa da kyau ba, sai ka sauke shi da yawa ka tarar da katanga ta ɓace, ko tasha ta zama fili fetal. Ni nakan sauke shi ɗan kaɗan ne daga sama, in yi tafiyar gwaji ina kallon gefe, in na ga wani abu ya yi ɓatan dabo in mayar. Akwai kuma Dynamic Lighting, wanda in ka kashe shi lambar za ta hau sosai. Ban ba ka shawarar haka ba. Da shi ne fitilar jirgi ke haska dogo da dare, da shi ne rami ke yin duhu na gaske. A kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban nakan kashe shi don dole, amma GTX 1650 ta fi ƙarfin a yi mata haka.

Yanzu ga abin da nake so ka mayar sama, domin ka cuci idonka a banza. Texture Filtering ka kai shi ƙarshe, wato Anisotropic mafi girma. Kusan kyauta ne a katin zamanin nan, kuma shi ne ke sa tsakuwa da katakon ƙarƙashin dogo su fito ras har nesa maimakon su zama kamar an shafa laka. Girman allo ka bar shi a 1920 sau 1080 ɗin da aka ƙera allonka da shi. Dalilina a nan ya wuce kwalliya. Matuƙin jirgi da idonsa yake aiki, kuma jirgi ba ya tsayawa a inda aka taka birki kamar mota. A layukan Ingila da kake bi, sigina kala huɗu take nunawa: kore, ruwan ɗorawa biyu, ruwan ɗorawa ɗaya, sannan ja. Biyu na nufin ka fara shiri, ɗaya na nufin ta gaba ja ce. Daga nesa duk fitilar ɗigo kaɗan ce a allo. In ka sauke girman allo ka kuma kashe abin da ke gyara gefen zane, biyu da ɗaya sai su haɗe su zama tabo guda, allon da ke nuna iyakar gudu ma ba zai karantu ba sai ka zo kansa. Ka wuce ja, sau da yawa tafiyar ta ƙare ke nan, ko da ka yi minti hamsin kana tuƙi mai kyau.

Wannan ya kawo mu kan Anti-Aliasing, wanda ke hana wayoyin lantarki na sama da shingaye yin ƙyalli suna tsinkewa kamar haƙoran zarto. A nan ne mutane da yawa ke kashe katinsu ba su sani ba. Zaɓin da ke ɗauke da SSAA yana zana hoton ne da girma fiye da allo sannan ya matse shi. Mai 2 sau 2 ninki huɗu ne, ɗigo 8,294,400, daidai da a ce kana buga wasan a allon 4K. Mai 3 sau 3 ninki tara ne, wannan ba na laftof ɗinka ba ne ko kaɗan. Amma tunda mun ga katin naka yana da sauran ƙarfi da yake zaune da shi, ka gwada mafi ƙanƙantar SSAA, mai ninki biyu. In Afterburner ya nuna katin bai kai 95 ba kuma lambar ba ta faɗi ba, ka ci riba, wayoyi sun daidaita ba ka biya komai ba. In ta faɗi, musamman cikin ruwan sama ko hayaƙin jirgin kwal, ka koma zaɓin FXAA tare da MSAA, wanda ya fi sauƙi ga katin.

Sai maganar da ta fi yi wa matasa wuyar karɓa: ka ɗaure lambar. Wasan jirgin ƙasa ba ya bukatar hoto 100 a sakan. Abin da ke damun ido shi ne hawa da sauka. A hoto 60 kowanne yana ɗaukar kashi 16.7 cikin dubu na sakan, a hoto 30 kuma 33.3. In wasan yana 70 a fili, ya faɗo 28 a tasha, ya koma 55, idonka yana jin kowace faɗuwa. In kuwa ka tsayar da shi a 30 tun farko, tafiyar za ta yi sumul daga tashi har isa, kuma kwamfutar ba za ta ƙona kanta wajen zana hotunan da ba ka bukata ba. Ka shiga Steam, ka danna dama a kan wasan, Properties, a gurbin Launch Options ka rubuta -FPSLimit=30. Ka duba allonka tukuna. In mai sabuntawa sau 60 ne a sakan, 30 ya dace da shi domin yana raba 60 daidai. In mai 144 ne, kamar yadda laftof ɗin wasa da yawa suke, ka sa 36 ko 48, su ne ke raba 144 ba saura.

Wannan duk na ciwon farko ne. Na biyu, tsayawar nan ta ƙiftawar ido da yaranmu ke kira ta'alik, babu maɓallin da zai warkar da ita a saitin hoto. Wasan ya yanka duniyarsa ne gida-gida, kowane yanki mita 1,024 tsawo da faɗi, kuma yana ɗebo na gaba daga ma'ajiya ne yayin da kake matsowa. Yi lissafi da jirgin da ka hau. Haramain, da aka buɗe a 2018 a kan layi mai kusan kilomita 450 tsakanin Makka da Madina, yana kai kilomita 300 a awa, wato kusan mita 83 a kowane sakan. A irin wannan gudu, duk bayan sakan 12 ka shiga sabon yanki. A jirgin Class 395 na layin Landan zuwa Faversham, mai kilomita 225 a awa, duk bayan sakan 16 ne. Jirgin kaya mai tafiya a 80 kuwa sai ya yi sakan 46. Ka ɗauki agogo ka ƙirga tazarar da ke tsakanin tsayawa da tsayawa, za ka ga tana bin gudunka. Hardis faifai ne mai juyawa da allura mai neman wuri, kuma fayilolin wasan nan dubbai ne ƙanana a warwatse, irin aikin da hardis ya fi ƙi ke nan. Ka mayar da wasan kan SSD. Ba sai ka sake saukewa ba: a Properties, ƙarƙashin Installed Files, akwai wurin matsar da shi zuwa wata ma'ajiya. In wuri ya yi kaɗan, ka fara da wanda ka fi bugawa. Tsayawar ba za ta ɓace ɗungurungum ba, halin injin ne, amma za ta koma ɗan motsin da ba ya ɓata rai.

Ram ma tana da hannu a ciki. Windows kaɗai da abubuwan da ke bayanta suna cin wajen giga 3 zuwa 4, ka ƙara Chrome da shafuka goma a buɗe, me ya rage wa wasa cikin 8? In ta cika sai Windows ta fara juye kaya zuwa ma'ajiya, nan ma tsayawa ce. Ka rufe komai kafin ka fara, kuma in Steam ya tambaye ka wanne za ka kunna, ka zaɓi mai 64-bit, wanda aka ƙara a 2018. Tsohon mai 32 ba ya iya amfani da fiye da giga 4 komai yawan ram ɗinka, shi ya sa yake mutuwa a manyan hanyoyi. Laftof irin taka galibi da sanda ɗaya ta giga 8 take zuwa, gurbi na biyu a buɗe. In ka ƙara ta biyu irinta, ka samu 16, kuma furosesa ta samu hanya biyu ta ɗebo bayani maimakon ɗaya. A wasan da furosesa ce ke riƙe shi, wannan yana iya ɗaga lambar a tasha.

Ciwo na uku shi ne na ƙasar da muke zaune, kuma shi na fi damuwa da shi. Wasan da ya fara lafiya sannan ya lalace bayan minti goma sha biyar, zafi ne. Furosesarka tana iya hawa har giga-hatiz 4.5 in tana da sanyi, asalin gudunta kuwa 2.5 ne. In zafinta ya kusanci digiri 100 sai ta sauke gudu da kanta don kada ta lalace, katin Nvidia na laftof ma yakan fara ja da baya a wajen digiri 87. To ka tuna mutum ɗaya ne a bakin tanderu. In gudunsa ya sauka daga 4 zuwa 2.5, kusan haka lambar wasanka za ta sauka. Waɗanda ke rubuta shawarwarin saiti a Jamus da Ingila a ɗaki mai digiri 20 suke zaune. Kai kana Makka, inda rani ke wuce 45 a waje, kuma in mukayyif ɗin ɗakin, wato na'urar sanyaya iska, tsoho ne, bayan Azahar iskar da fanka ke zuƙa ma ɗumi gare ta.

Kwanakin baya wani yaro ya kawo min laftof kusan irin taka, da kuka irin naka. Na tambaye shi a ina yake ajiye ta in zai yi wasa, ya ce a kan kafet a majalisa, wani lokaci a kan matashin jingina. Ƙofofin shan iskarta a ƙasa suke, ya toshe su da kansa. Da na kwance murfin na ɗaga fanka, sai ga ƙura ta dunƙule tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita, ta yi tauri kamar auduga da aka danne, na ciro ta da hantsaki a haɗe, tsawon ɗan yatsa. Daga waje ba a ganin ta ko kaɗan, fanka tana ta ihu amma iska ba ta wucewa. Ma'ajun ɗin da ke kan furosesa, man nan mai toka-toka da ke miƙa zafi ga bututun tagulla, ya bushe yana farfashewa kamar tsohuwar ƙasar bango. Na goge, na shafa sabo, na rufe. Ban taɓa saitin wasansa ko ɗaya ba, ya yi tafiyar awa guda a shagon gudun furosesa bai sauka ba.

Laftof ta hannu da ba ka san tarihinta ba, ka ɗauka tana bukatar wannan. In kana da hannu, ka kashe ta, ka zare caja, ka cire wayar batir daga allon ciki kafin ka taɓa komai, kuma ka riƙe fanka da yatsa in za ka hura iska don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. Kada ka kai ta banshar, wajen masu gyaran taya, a hura mata iskar taya, ƙarfin ya yi yawa kuma yakan zo da danshi. In ba ka saba ba, ka kai wa mai gyara ka ce tsafta da canjin ma'ajun kake so, ka tsaya a yi a gabanka. Bayan haka ka riƙa ɗora ta a kan tebur ko faranti mai tauri, ka ɗaga bayanta da ɗan wani abu kamar faɗin yatsa biyu. A garuruwanmu nakan ce a buɗe a share sau ɗaya a shekara, wanda tagarsa ke kallon titi ko wurin gini kuwa ya fi haka.

Za ka ji wasu na cewa ka shiga saitin wuta na Windows ka mayar da iyakar furosesa kashi 99. Gaskiya ne zafi zai sauka, domin dabarar tana hana ta hawa sama da asalin gudunta. Amma a wannan wasan hawan nan shi ne abincinka, ka yanke shi ka dawo inda zafi ya kai ka tun farko. Ɗaure lamba a 30 ko 36 ya fi, yana rage zafi ba tare da ya ɗaure mata ƙafa a tasha ba. Ka tabbata kuma caja tana jone duk lokacin wasa, cajar asali mai cikakken ƙarfi, domin a kan batir laftof tana rage wa kanta wuta. Sannan ka shiga Settings na Windows, System, Display, Graphics, ka nemo RailWorks64.exe ka sa shi a High performance. Laftof ɗinka katin hoto biyu gare ta, ƙaramin Intel da ke cikin furosesa da Nvidia, kuma na sha ganin tsohon wasa ya kama ƙaramin, mai shi yana ta zargin babban.

Train Sim World labarinsa ya ɗan bambanta. A kan injin wasa mai suna Unreal Engine 4 aka gina shi, ya fara fitowa a 2017, kuma shi kam yana cika wa katin hoto kaya, don haka a can GTX 1650 za ta kai 99 da gaske. Giga 4 ɗinta ne iyakarka: ka sa Texture a matsakaici, in ka kai shi sama ma'ajiyar katin za ta cika, tsayawa ta dawo. Inuwa, sararin sama da ganyaye su ma matsakaici ko ƙasa, musamman a hanyoyin da suka zo daga Train Sim World 3 zuwa sama masu gajimare mai kauri. Maɓallin da ya fi amfani shi ne Screen Percentage. In ka sauke shi daga 100 zuwa 80, ɗigon da ake zanawa ya koma kashi 64 cikin ɗari, rubutun allo kuma yana nan da kaifinsa. Kada ka wuce nan sosai, saboda maganar sigina da na yi maka. Ka bar TAA, wani nau'in Anti-Aliasing, a kunne don wayoyi, ka kashe Motion Blur, ka ɗaure lambar a cikin saitin wasan kansa. Karon farko da ka bi sabuwar hanya za ta yi in'ina fiye da kima, domin kwamfuta tana haɗa ƙananan umarnin zane tana adanawa, haka ma bayan ka sabunta manhajar katin Nvidia. Kada ka yanke hukunci sai a tafiya ta biyu. Layukan da ake yawo da su ana cewa a liƙa a fayil ɗin Engine.ini kuwa, yawancinsu don ƙara kyau aka rubuta su a manyan kwamfutoci, ka bar su har sai ka gama da sauran, in ma za ka gwada ka ajiye kwafin fayil ɗin tukuna.

Game da kuɗi, katin hoton laftof a like yake da allon ciki, ba a canza shi, kada wani ya karɓi riyal ɗinka da wannan alkawari. Tsafta da ma'ajun su ne farko, sai sandar ram ta biyu, sai SSD mai faɗi in wanda ke ciki ya cika. Duka ukun a haɗe ba su kusa da kuɗin sabuwar laftof ba. Kuma ko ka sayi sabuwar, Victoria da cunkoson safiya za ta ci gaba da zama wuri mafi nauyi, haka dogon jirgin kayan Amurka mai tarago ɗari a Sherman Hill, duk da fili ne fetal, domin kowane tarago da lissafinsa.

In ka gama, ka yi min gwaji ɗaya a lokacin da ɗakinka ya fi zafi, tsakanin Azahar da La'asar. Ka yi tafiya mai tsawo, ka rubuta lambar FPS, zafin furosesa, gudunta da kashin katin hoto a minti na 5, ka sake rubutawa a minti na 40, ka turo min lambobin takwas tare da sunan hanyar da ka bi. In gudun furosesa a minti na 40 yana kusa da na minti na 5, zafi ya fita daga lissafi, sai mu zauna mu daidaita saitin kowace hanya da kake so daban. Allah ya sa a dace.